Jesi Owens da sinimar Hitila

An haifi Jesi Owens a shekara ta 1913 a jihar Alabama, cikin ƙasar Amurka. Baƙar fata ne, jikan bayi. Ubansa yana noma gonar wani, in an yi girbi su raba. Tun yana ƙarami Jesi yake ɗibar auduga.

Yana da wajen shekara 9 iyayensa suka ƙaura zuwa birnin Cleveland. A can lakkwal wani malami, Charles Riley, ya lura da saurinsa. Da maraice Jesi yana aikin neman kuɗi don taimakon gida, saboda haka da sassafe yake koyon gudu, kafin a shiga aji. A shekara ta 1935 ya yi dogon tsalle na metir 8 da santimetir 13. Sai da aka shekara 25 kafin wani ya wuce shi.

A shekara ta 1936 aka yi wasannin Olimpik a Barlin, babban birnin Jamus. A lokacin Hitila ke mulki. Yana koya wa mutanensa cewa jininsu ya fi na kowa, Yahudawa da baƙaƙe kuwa ƙasƙantattu ne. Ya so duniya ta ga ƙarfin ƙasarsa. Gwamnatinsa ta ba wata mata mai shirya sinima, Leni Rifenstal, kuɗi masu yawa don ta ɗauki wasannin.

Leni ta baza masu ɗaukar hoto ko'ina cikin fili. Ta sa an haƙa ramu kusa da wurin tsalle, don a ɗauki ƴan wasa daga ƙasa, su fito kamar ƙattai. Sinimar ta fito a shekara ta 1938 da sunan Olympia, tsawonta ya kusa awa 4. Ta fara da gumakan Girkawan da, sannan aka nuna masu gudu ɗauke da wuta tun daga Girka har Barlin. Manufar ita ce a ce Jamus ta gaji girman Girka. Daga nan sai tutoci, sai Hitila a bisa, jama'a suna ɗaga masa hannu.

Amma abin ɗaukar hoto bai san launin fata ba. Jesi ya ci tseren metir 100 da na metir 200, ya ci dogon tsalle, ya kuma ci tseren miƙa sanda tare da abokansa uku. Lambobin zinariya 4 ke nan. Bajamushe Luz Long, wanda ya zo na biyu a tsalle, ya taya shi murna a gaban kowa. Jamus ce ta fi kowace ƙasa samun lambobi, amma duk mai kallon Olympia yana ganin baƙin mutum a gaba, sauran suna binsa.

Da ya koma gida, Jesi ya tarar da wariyar da ya bari. Shugaban ƙasa Rusbelt bai gayyace shi fada ba, bai ma aiko masa da barka ba. Don ya ci da iyalinsa, har tsere ya riƙa yi da dawaki ana biyansa. Sai a shekara ta 1976 shugaba Ford ya ba shi babbar lambar girma.

Jesi Owens ya rasu a shekara ta 1980. Bayan shekara 4 aka sa wa wani titi sunansa, kusa da filin wasan Barlin. A shekara ta 2016 aka yi sinimar rayuwarsa mai suna Race, wadda ta nuna wariyar Jamus, ta kuma nuna ta Amurka.

Tambayoyi
1. Don me Jesi yake koyon gudu da sassafe?
2. Me gwamnatin Hitila ta so sinimar Olympia ta nuna wa duniya?
3. Yaya aka karɓi Jesi a ƙasarsa?