Muhammadu Al-Katsinawi, Masanin Taurari da Lissafi

Har gobe a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa akan sami manomin da ba ya shuka sai malami ya ƙidaya masa taurarin damina. Amma kaɗan ne suka san sunan Bakatsinen da ya shahara a wannan ilmi har ƙasar Masar, watau Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi.

Bafilatani ne, mutumin Katsina. Daga cikin malamansa akwai Shaihu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi. Bayan ya ƙoshi da karatu sai ya nufi gabas, ya sauke farali, sa'an nan ya zauna a Alƙahira.

Ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafinsa na ilmin haruffa da hatimi. Hatimi kuwa gidaje ne da ake zuba wa alƙaluma, ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A mai gida tara, daga 1 zuwa 9, jimlar 15 ce. Malam ya shimfiɗa ƙa'idojin gina hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, daki-daki. Ya kuma rubuta Durrul Manzum a kan taurari da ɗalasimai, inda ya taƙaita wani littafin Fakhruddini Ar-Razi.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, daidai da 1154 ta Hijira, a gidan amininsa Shaihu Hasan Al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan maigidan, Abdurrahman Al-Jabarti, shi ya adana labarinsa a littafinsa na tarihin Masar.

Gaskiya ne ilmin taurarin zamaninsa a cuɗe yake da duba, ya kuma sha bamban da na yau, wanda a cikinsa ake koya wa kwamfuta rarrabe hotunan gungun taurari don a gano yadda suke sauyawa. Duk da haka, tsara ƙa'idar da za a bi mataki-mataki ita ce ginshiƙin aikin kwamfuta, ita ce kuma Malam ya ƙware a kai. Mu dai mun riƙe hatimi don laya, mun bar lissafinsa. Ya kamata ɗaliban Hausa su nemo littattafan nan su fassara su, don ilmin da ya tashi daga Katsina ya komo gida.