Shehu Laminu, Malamin Ngala

Duk wanda ya tashi a Nguru ko Gashuwa ya san sunan Shehun Barno. Amma ba kowa ya san mutumin da ya kafa gidan nan malami ne mai almajirai tun bai yi zaton mulki ba. Sunansa Muhammadu Al'amin Elkanemi, mutanen Barno kuwa su kan ce da shi Shehu Laminu. Tun da ya ke mu a kwalejin nan aikin malanta mu ke koyo, ta wannan fuska na ke so mu dube shi.

An haife shi a ƙasar Fezzan, cikin Libiya ta yanzu, wajen shekara ta 1776. Ubansa malami ne mutumin Kanem, uwarsa kuwa Balarabiya. Ya yi karatu a Murzuk da Tarabulus, sa'an nan ya bi ubansa aikin hajji. Uban ya rasu a Madina, shi kuwa ya yi shekaru a ƙasashen gabas yana neman ilmi. Da ya komo sai ya zauna a Ngala, kudu da tafkin Cadi, yana karantarwa. Almajirai suka taru a kansa, Kanembu da Larabawan Shuwa, har sunansa ya fara tafiya.

Ana nan sai jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya tashi a Gobir cikin 1804, ya iso Barno. Ta ƙofarmu ya shigo, gama Nguru ita ce mazaunin Galadima mai tsaron yammacin ƙasar, ƙasarsa kuwa tana cikin waɗanda wutar ta fara ci. Cikin 1808 Goni Muktar ya ci Birnin Gazargamu, wanda kufansa ke nan har yanzu cikin Jihar Yobe, wajen Gaidam. Mai Ahmadu ya fita da gudu, ya miƙa sarauta ga ɗansa Dunama. Dunama ya rasa ta yi, sai ya aika a kira masa malamin Ngala. Suka haɗa ƙarfi, aka karɓe birnin, aka kashe Goni Muktar.

To, ga abin da ya sa na ɗauko labarinsa. A tsakiyar wannan tashin hankali, mutumin nan ya ɗauki alƙalami. Ya fara rubuta wa Fulanin da ke maƙwabtaka da shi, yana tambayarsu dalilin yaƙin. Amsarsu ba ta gamsar da shi ba, sai ya rubuta wa Shehu Usmanu da jama'arsa. Ya buɗe da sallama, ya kira su malamai, ya nemi su gaya masa hujjarsu. Ya kuma nuna ya karanta littattafan Shehu, ya yaba su, yana ƙaunarsa muddin yana tare da gaskiya, amma in sun rabu gaskiya zai bi. Ku lura fa, sai da ya karanta abin da mutum ya rubuta kāna ya ja da shi. Mu nawa ne a ƙungiyarmu ta muhawara mu kan haƙura mu ji ƙarshen maganar abokin gardama kafin mu miƙe?

An zargi mutanen Barno da kafirci sabo da yanka a wuraren tsafi, da mata masu yawo kai buɗe, da cin hanci, da cin dukiyar marayu. Shehu Laminu bai ɓoye laifin mutanensa ba. Ya yarda ana yin waɗannan abubuwa, kuma munana ne. Abin da ya ƙi shi ne a ce mai saɓo ya fita daga addini, alhali yana salla, yana azumi, yana ba da zakka, yana gina masallaci. Ya kawo misali da abin da ya sani a tafiyarsa: a Dimyat ta ƙasar Masar, garin malamai, akwai wata itaciya da talakawa ke yi wa irin wannan al'ada, amma malaman garin ba su ɗaura musu yaƙi ba, ba su kuma kira su arna ba. A ganinsa, wanda ya yi kuskure bisa jahilci, a fara koya masa, a hana shi, a ga ko ya ƙi.

A nan ni dai na ke ganin malamin gaske. Ya raba laifi da mai laifi. Yaro ya kasa lissafi, wani malami ya ce lissafin nan bai yi ba, zo mu sake. Wani kuwa ya ce kai daƙiƙi ne. Na farko ya bar wa yaron hanyar komowa gobe. Na biyu ya yanke masa hukunci, har ya hutar da kansa wahalar koyarwa, gama wa zai ɓata alli a kan wanda ya riga ya ce ba ya ganewa?

Kada wani ya zaci wasiƙun nan zuma ce zalla. Akwai yaji. Ya gaya musu mutanensu suna bautar da 'ya'ya, suna karya alkawari, suna watsar da littattafai a kan hanya da wurare marasa tsabta. Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya ɗauki nauyin yawancin amsa, shi ma bai sassauta ba. Ya ce babban dalilinsu shi ne Mai na Barno ya taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, ban da yankan da a ke yi wa duwatsu da itatuwa da kogi. Ba wanda ya sauko daga ra'ayinsa. Duk da haka Bello ya yi wani abin da ya kamata a yaba masa: ya kwafe wasiƙun abokin jayayyarsa ya sa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta cikin 1812. Ta hannun wanda ya ke gardama da shi mu ke jin hujjar Shehu Laminu yau.

Daga nan malami ya zama mai iko. Cikin 1814 ya gina Kukawa ya zauna, Mai yana riƙe da suna, shi yana riƙe da ƙasa. Turawan Ingila, Denham da Clapperton, sun iske shi a can cikin 1823. Denham ya rubuta cewa sun same shi zaune bisa darduma a wani ɗan ɗaki mai duhu, sanye da shuɗiyar riga ba ado. Amma shi Denham ɗin ya kuma ba da labarin tsananin hukuncinsa, musamman a kan mata, abin da ke da wuyar haɗawa da mutumin da ya ce a fara koyarwa tukuna. Cikin 1826 ya ɗaura yaƙi ya nufi yamma har kusa da Kano, sai a farkon 1827 Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi, ya komo gida.

Akwai wata wasiƙarsa da ta shafe mu nan Gashuwa. A cikinta ya nemi sulhu da Sakkwato, ya ce addininsu ɗaya, bai kamata talakawansu su riƙa yaƙar juna ba. Madalla. Amma iyakar da ya yanka ita ce ƙasar Bade: gabas da ita ta Barno, yamma ta Sakkwato, Badawa kuwa ya lasafta su arna waɗanda ya halatta a karɓi dukiyarsu. Ladabin da ya yi wa malaman da ya ɗauka tsaransa bai kai kan mutanen fadamar Yobe ba, ba a kuwa tambaye su ba. A cikin wannan matsi ne Lawan Babuje ya tattara Badawa ya kewaye Gogaram da ganuwa, garin da ya zama mazaunin sarakunan Bade kafin Gashuwa.

Shehu Laminu ya rasu a Kukawa cikin 1837, ɗansa Umar ya gaje shi. Bayan 'yan watanni, cikin shekaran nan dai, Muhammadu Bello ya rasu a Wurno.