Denis Burkitt

Denis Parsons Burkitt (28 ga Fabrairu 1911 – 23 ga Maris 1993) likitan tiyata ne da ya fara bayyana wata cutar daji da ta fi kama yara a Afirka, wadda yanzu ake kira da sunansa.

Farkon rayuwa

An haife shi a Enniskillen, a arewacin Ireland. Ya rasa ido ɗaya tun yana yaro. Ya karanci likitanci a Kwalejin Trinity da ke Dublin, ya koma Yuganda a 1946.

Gano cutar

A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala, aka nuna masa wani yaro da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa. Ba da daɗewa ba ya ga wani irinsa, sai ya shiga binciken tsofaffin takardun asibiti, ya wallafa sakamakon a 1958. A 1961 ya yi tafiyar kusan mil 10,000 a mota, asibiti-asibiti, yana tambayar inda ake ganin cutar. Ya lura ta fi yawa a wurare masu zafi da yawan ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Magani da haɗarinsa

Wuƙar tiyata ba ta yi wa cutar komai ba. Magunguna irin su methotrexate da cyclophosphamide ne suka yi aiki, har kumburin kan sace cikin 'yan kwanaki. Sai dai maganin ba ya bambance ƙwayar daji da ta ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. Idan suka ragu, ƙwayoyin cutar da ke zaune lafiya a baki, hanji ko fatar yaro kan kutsa cikin jini. Jikin ba ya iya tara mugunya yadda ya saba, don haka sau da yawa zazzaɓi ne kaɗai alama, kuma yaro na iya galabaita cikin sa'o'i. Shi ya sa asibitocin da ke kula da irin waɗannan yara ke ɗaukar zazzaɓin a matsayin lamarin gaggawa, abin da iyayen da suka saba danganta kowane zazzaɓi da sauro kan yi jinkirin ganewa.

Ƙarshen rayuwa

Ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. Bayan komawarsa Ingila ya karkata ga nazarin amfanin abinci mai dusa ga hanji. Ya rasu yana da shekara 82.