Muhammadu Bello: Yaushe Ɗan Shehu Ya Zama Mutumin Kansa?

A ƙasar Hausa ba a rasa ma'aunin da ake cewa yaro ya girma. Wasu daga kaciya suke fara ƙirge, wasu daga saukar Alƙur'ani. A karkara, ranar da uba ya yankar wa ɗansa gayauna daga cikin gandu, an san ya fara zama mutum. Filanin daji suna da sharo. Mu nan makaranta kuwa mun ƙara da takardar HND da kakin bautar ƙasa, sannan aure. Duk waɗannan ranaku ne da ake sa wa, a yi biki, a watse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello girmansa bai zo a rana ɗaya ba. Kaya aka yi ta ɗora masa tun yana shekarun da yawancinmu muke ciki yanzu, amma amincewar babban na gaba da shi ba ta cika ba sai da ya doshi arba'in.

An haife shi a 1781. A Degel ya tashi, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu ne sana'a. Mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da shi, haka ma ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, wanda ya shahara a nahawu da waƙen Larabci. Ku riƙe sunan baffan nan, don da shi labarin zai ƙulle. Da a ce zamani ya zauna lafiya, da wataƙila Bello malami kawai zai zama, mai zaure da almajirai.

Zamani bai zauna ba. Dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, musamman bayan harin da aka kai wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana. A watan Fabrairu 1804 jama'a ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Bello yana da shekara 23. A watan Yuni aka yi karon Tabkin Kwatto, aka ci nasara, yana cikin mayaƙa, baffansa ne a gaba. To, nasarar nan ita aka fi ba mu labari tun muna firamare. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, an yi wa jama'ar mummunar ɓarna. Littattafan tarihi suna kawo mutum kusan 2,000 da suka rasu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ga yunwa, ga ciwo, ga mata da yara ana ta ƙaura da su. A 1805 kuma aka sake shan kashi a Alwasa, har abokan gaba suka iso Gwandu inda Shehu yake zaune. Saurayin da ya ga an binne malamai da abokan karatunsa a yini ɗaya, ai ƙuruciya ta riga ta bar shi ko da gemunsa bai cika ba.

A wannan tsakanin ne aka yi taron Birnin Gada a ƙasar Zamfara. Shugabannin jama'a daga gabas, irin su na Katsina da Kano da Daura, suka taho don yin mubaya'a. Shehu bai je ba, Bello ya aika. Ka duba fa: ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya tsaya gaban malaman da wasunsu sun haife shi, ya karanta musu saƙon mahaifinsa, ya karɓi alkawarinsu a madadinsa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban taron ɗalibai ana ihu ya san nauyin magana gaban tsara ma, balle gaban dattawa.

A 1807 wani abu ya faru da ya ƙara masa kaya. Malam Abdullahi ya ga son duniya da neman ganima sun fara shiga cikin mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar sansani da niyyar tafiya Makka. A Kano aka roƙe shi ya tsaya, ya karantar, ya yi rubutu kan yadda ake mulki, daga baya ya komo. Bello bai tafi ko'ina ba. Ba don bai ga abin da baffansa ya gani ba ne, don shi ma ya koka da halin wasu mayaƙan a rubuce-rubucensa. Sai dai wani ya zama dole ya zauna da mutanen yadda suke. A 1808 shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, inda Yunfa ya rasa ransa. Yana da shekara 27. Shekara guda bayan haka ya kafa Sakkwato ya kewaye ta da ganuwa.

Wani zai ce to ai shi ke nan, ya zama namiji, tunda ya ci birni ya gina birni. A ganina abin da ya yi da alƙalami ya fi wannan nuna hankalin manya. Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi na Borno ya rubuto wasiƙu masu zafi yana tuhumar dalilin yaƙar mutanen da suke salla da azumi. Bello na cikin waɗanda suka ba shi amsa. Da ya zo rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya sa maganar Al-Kanemi a ciki tare da nasa martanin. Wato da hannunsa ya adana hujjar mai sukarsa, har ga shi yau ana karantawa ana auna wa ya fi gaskiya. A zamanin da muke toshe mutum a WhatsApp don ya ce ba haka ba, wannan abin a tsaya a duba ne.

Sai gwaji mafi wuya, wanda ya fito daga cikin gida. Shehu ya riga ya raba kula da ƙasa, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. Da Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu 1817, manyan Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi, wanda ya girme shi, ya karantar da shi, ya kuma kasance wazirin Shehu, ya taho ya tarar an gama, har an ruwaito cewa ƙofar gari a rufe ya same ta. Ya juya, daga baya ya zauna Gwandu. Shekaru suka shuɗe ba jituwa tsakanin ɗa da baffa. A lokaci guda kuma ƙasashe da dama suka yi tawaye, har Abdussalami, wanda saboda mutanensa rikicin ya fara, ya ja daga a Kware. Bello ya yi ta rubuta masa wasiƙu kafin a kai ga yaƙi, kuma Abdussalami ya rasu sakamakon raunin da ya samu.

Sauran mutanensa suka koma Kalambaina ta ƙasar Gwandu (ba ta wajen kamfanin siminti a Sakkwato ba), suka gagari Abdullahi. Nan ne Bello yake da zaɓi. Yana iya naɗe hannu ya bar baffan da bai yi masa mubaya'a ba ya ji a jikinsa. Sai ya ɗebo runduna ya taho, suka haɗu suka ci garin. Yadda aka ruwaito haɗuwarsu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don ya gai da baffansa kamar yadda yaro yake yi wa babba, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Kowannensu ya ba ɗan'uwansa abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Daga nan Sakkwato da Gwandu suka ci gaba a matsayin gida biyu na daula ɗaya har zuwan Turawa.

Mulki bai raba shi da littafi ba, kuma wannan ya shafe mu 'yan kimiyya da fasaha. Ya yi rubutu kan magani, har da basir da ciwon ido. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, ya yi mamakin irin tambayoyin da Bello ya yi masa kan taurari da addinin Kirista da siyasar Turai. Da ya komo zuwa na biyu, cikin tsarabarsa akwai littafin lissafi na Euclid da Larabci. Amma da ya nemi wucewa da kaya zuwa Borno alhali ana yaƙi da ita, Bello ya hana. A Sakkwato Clapperton ya mutu a 1827.

Ƙarshen rayuwarsa ya fi zama a Wurno, ɗaya daga cikin garuruwan ribaɗi da ya kafa a bakin iyaka. A 1836, yana da shekara 55, da kansa ya fita yaƙin Gawakuke. A Wurno ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Sarautar ba ta wuce kai tsaye ga 'ya'yansa ba. Ƙanensa Abubakar Atiku aka naɗa, sai a 1842 ɗansa Aliyu Babba ya hau.