Bernard Fagg da Kayan Tarihin Nok

An haifi Bernard Fagg a Ingila a shekarar 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. A 1939 ya zo Nijeriya aikin mulki, aka ajiye shi a Jos, ƙasar haƙar kuza.

Wajen 1943 aka tono kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wani ramin kuza kusa da Jema'a. Wani akawu ya kafa shi a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Da kan nan ya zo hannun Fagg, sai ya ga ya yi kama da wani da aka samu a ƙauyen Nok a 1928. Nan ya gane akwai wata tsohuwar al'umma da ƙasa ta rufe. Ya sa mata suna Nok.

Ramukan kuza suna da yawa, mutum ɗaya ba ya iya tsaronsu. Kullum diga da shebur suna farfasa kayan. Saboda haka Fagg ya riƙa zagayawa yana koya wa mahaƙa su gane irin waɗannan kaya, su kawo su, su kuma faɗi inda suka fito. Ta haka aka ceci da yawa.

A 1952 ya buɗe gidan tarihi a Jos. A 1957 ya zama shugaban Sashen Kayan Tarihi na Nijeriya. A 1963, da taimakon UNESCO, aka kafa makaranta a Jos. Matasa daga ƙasashen Afirka suka zo koyon adana kayan tarihi da gyaransu, da Ingilishi da Faransanci. Ekpo Eyo, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya shugabanci sashen daga 1968.

Daga baya Fagg ya koma Ingila. Ya rasu a 1987.

A arewacin Kamaru ma akwai irin wannan gādo, kamar zane-zanen duwatsun Bidzar, tsakanin Garwa da Marwa. Duk yaron da ya tsinci tsohon abu a ƙasa, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar shi a wurinsa, ya gaya wa malaminsa.

Tambayoyi
1. Me akawu ya yi da kan mutum-mutumin?
2. Me Fagg ya koya wa mahaƙa?
3. Da waɗanne harsuna aka yi koyarwa a makarantar Jos?