Matthijs Vermeulen, Mai Tsara Kiɗa Na Ƙasar Holanda

A wajenmu makaɗi shi ke ƙaga kiɗansa, shi ke kuma kaɗa shi, kamar yadda mu ke gani ga masu algaita a ƙofar fadar Sarkin Haɗejia. A Turai kuwa akwai wani dogon kiɗa da a ke kira simfoni, wanda mutum ɗaya ke rubutawa a takarda, amma ba ya jiyuwa sai makaɗa kamar tamanin sun taru, da shugaba a gabansu. In shugaban nan ya ƙi ka, to, aikinka ya tsaya a takarda. Abin da ya sami Matthijs Vermeulen ke nan.

An haife shi ran 8 ga Fabrairu 1888 a Helmond, cikin Holanda, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yawan ruwa, irin fadamun Guri. Ubansa maƙeri ne. Da ya girma ya tafi Amsterdam ya zama ɗan jarida mai duba kiɗa, ba ya kuwa tauna magana. Ya yi ta sukar Willem Mengelberg, shugaban makaɗan babban zauren Concertgebouw, a kan ya cika fifita kiɗan Jamus. Ga shi kuma wurin mutumin nan ya kai simfoninsa na fari. Mengelberg ya ƙi shi. A watan Nuwamba 1918, da aka gama wani kiɗa na Cornelis Dopper a zauren, sai Vermeulen ya ɗaga murya yana kirarin Sousa, mai kiɗan sojan Amurka, watau ba'a ya ke yi. Gaba ta daɗa tsananta. A ganinmu nan ya yi gaggawa.

Tsakanin 1919 da 1920 ya rubuta simfoninsa na biyu, wanda ya yi wa laƙabi da sharar fagen sabuwar rana. A cikinsa ya bar ƙa'idar mutanen dā, ya sa amo iri iri suna tafiya lokaci guda, kowanne da hanyarsa, ba wanda ke bin wani. Ba a sami mai kaɗa shi ba.

A 1921 ya kwashi iyalinsa ya koma Faransa, inda ya ci abinci da aika wa wata jaridar Surabaya labarai. A 1944 matarsa ta mutu, aka kuma kashe ɗansa a yaƙin ƙwato Faransa. Ya komo gida a 1946.

Simfonin nan na biyu ya yi shekara 33 a ajiye. Sai a 1953 ya ci kyauta a gasar Sarauniya Elisabeth a birnin Brussels, sa'an nan mutanen Holanda suka ji shi a 1956, mai shi yana da shekara 68. Wannan ya ƙarfafa masa zuciya, ya ci gaba da rubutu har simfoninsa suka cika bakwai. Ya mutu a garin Laren ran 26 ga Yuli 1967.