Eglantyne Jebb

Eglantyne Jebb (an haife ta a ranar 25 ga watan Agusta, 1876, ta rasu a ranar 17 ga watan Disamba, 1928) 'yar Birtaniya ce mai aikin jin ƙai. Ita da ƙanwarta Dorothy Buxton ne suka kafa ƙungiyar Save the Children a shekarar 1919 domin ciyar da yaran da yunwa ta addaba bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ita ce kuma ta tsara takardar haƙƙin yara da aka fi sani da Sanarwar Geneva. An fi tunawa da ita saboda tsayuwar da ta yi a kan cewa yaron abokan gaba ma ya cancanci agaji.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Eglantyne a Ellesmere da ke yankin Shropshire na ƙasar Ingila, a gidan masu hali. Mahaifinta Arthur Trevor Jebb lauya ne kuma mai filaye. Mahaifiyarta Eglantyne Louisa ta kafa ƙungiyar koya wa matasan karkara sana'o'in hannu. Ta karanta tarihi a kwalejin Lady Margaret Hall da ke Oxford daga 1895 zuwa 1898, sannan ta samu horon koyarwa, ta yi aiki a wata makarantar firamare a garin Marlborough. Ba ta daɗe tana koyarwar ba, amma a nan ta fara ganin yadda 'ya'yan talakawa ke rayuwa.

Daga baya ta koma Cambridge tare da mahaifiyarta, inda ta shiga aikin taimakon mabuƙata. A shekarar 1906 ta wallafa wani littafi a kan talauci a birnin. Binciken ya koya mata cewa sadaka ba ta kai wa ga biyan buƙata sai an san yawan mabuƙatan da kuma abin da ya jefa su cikin halin.

Tafiyar Masidoniya

A shekarar 1913, bayan yaƙe-yaƙen yankin Balkan, mijin ƙanwarta Charles Roden Buxton ya ƙarfafa mata gwiwa ta kai kuɗin agaji Masidoniya. A can ta ga 'yan gudun hijira, Musulmi da Kirista, da ƙauyukan da aka ƙona, da yaran da suka rasa iyayensu. Wannan tafiya ce ta nuna mata cewa waɗanda ba su ɗauki makami ba su ne suka fi ɗanɗana kuɗar yaƙi.

Kafa Save the Children

An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a ranar 11 ga Nuwamba, 1918, amma Birtaniya da ƙawayenta suka ci gaba da toshe hanyoyin shigar da kaya Jamus da Ostiriya. Abinci ya yi ƙaranci, tarin fuka da tamowa suka bazu a tsakanin yaran Berlin da Vienna. A farkon 1919 Dorothy da wasu suka kafa wata majalisa ta yaƙi da yunwa domin matsa wa gwamnati lamba ta buɗe hanya, Eglantyne kuma ta shiga.

A wannan shekarar aka kama ta saboda raba takardu masu ɗauke da hotunan yaran Ostiriya da yunwa ta ramar a dandalin Trafalgar da ke Landan, ba tare da izinin hukuma ba. Kotu ta ci ta tarar fam 5. Lauyan gwamnati da ya gurfanar da ita, Archibald Bodkin, ya ba da gudummawar fam 5 ga aikin nata bayan shari'ar. A ranar 19 ga Mayu, 1919, aka ƙaddamar da asusun Save the Children a babban ɗakin taro na Royal Albert Hall. Mutane da yawa na ganin abin cin amanar ƙasa ne, ganin cewa 'ya'yansu sun mutu a hannun iyayen waɗannan yara. Duk da haka kuɗi suka shigo. Ƙungiyar ma'aikatan haƙar kwal ta ba da fam 10,000, kuma cikin agajin farko da aka aika Vienna har da shanun madara.

A watan Disamban 1919 ta gana da Fafaroma Benedict na 15, wanda ya ba da fam 25,000, ya kuma umurci majami'un Katolika su tara gudummawa. A watan Janairun 1920 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar Save the Children ta ƙasa da ƙasa a Geneva, da goyon bayan kwamitin Red Cross.

Yunwar Rasha

A shekarar 1921 fari, haɗe da ɓarnar yaƙin basasa, ya jawo mummunar yunwa a yankin kogin Volga na ƙasar Rasha. Jaridar Daily Express ta soki ƙungiyar, tana cewa agajin zai ƙarfafa gwamnatin kwaminisanci alhali akwai mayunwata a gida. Ƙungiyar ta mayar da martani da tallace-tallace masu cin shafi guda a jaridu, ta kuma tura mai ɗaukar hoto ya yi fim na halin da ake ciki. Ta buɗe wuraren dafa abinci kusan 1,400 a lardin Saratov, inda aka riƙa ciyar da yara wajen 300,000 a kullum. A 1922 ta kai agaji ga 'yan gudun hijirar da suka kwarara Girka bayan yaƙinta da Turkiyya.

Eglantyne ta dage cewa bai kamata agaji ya tsaya a kan kwanon abinci ba, domin yaron da ya tsira daga yaƙi yana da sauran rayuwa a gabansa. Saboda haka ƙungiyar ta tallafa wa wuraren koyon sana'a na matasa a Budapest, ta kuma gina ƙauyuka ga 'yan gudun hijira a Bulgeriya da Albaniya, inda iyalai suka samu gida da gona.

Sanarwar haƙƙin yara

Da gudummawa ta fara raguwa bayan wucewar yunwar, sai ta lura cewa tausayin jama'a na zuwa ne ya wuce. Don haka ta nemi a mayar da kula da yara haƙƙi da ya rataya a wuyan kowa. Ta tsara gajeriyar takarda mai sharuɗɗa biyar. Takardar ta buƙaci a ba yaro abin da zai girma da shi a jiki da ruhi; a ciyar da mayunwaci, a yi jinyar maras lafiya, a ba maraya mafaka; a fara da yaro idan bala'i ya auku; a shirya shi don neman na kansa tare da kare shi daga ci da gumi; sannan a tarbiyyantar da shi a kan yi wa 'yan'uwansa mutane hidima.

Haɗaɗɗiyar ƙungiyar ta amince da takardar a watan Fabrairun 1923. A ranar 26 ga Satumba, 1924, majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ma ta karɓe ta. Takardar ba ta da ƙarfin doka, amma a kanta aka gina sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1959, wadda ta share fage ga Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989.

Rasuwa

Eglantyne ba ta yi aure ba, ba ta kuma haihu ba. Ta daɗe tana fama da ciwon maƙoƙo, har aka yi mata tiyata sau uku. A ƙarshen rayuwarta tana shirin faɗaɗa aikin zuwa Afirka da Asiya. Ta rasu a Geneva tana da shekara 52, aka binne ta a birnin. A shekarar 1931 ƙungiyar ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan yaran Afirka a Geneva. Cocin Ingila na tunawa da ita a ranar 17 ga Disamba ta kowace shekara, kuma a yau Save the Children na aiki a ƙasashe fiye da 100.